Malam Tukur Mai Kafe da Wayar Babana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Tukur mai kafe ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye gaban allo a aji. Yayansa Malam Garba ne ya kira ni daga Gumbin Kure, ya ce ya cika bayan sallar asuba, za a yi sutura da an sauko daga azahar. Na ce wa ɗalibai su karanta shafi na gaba, na fita. Sai da na hau babur na ga ashe da allin na fito a hannuna.

Yanzu na shigo gida, ko takalmi ban cire ba na zauna rubuta wannan.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma wallahi abin da ya fi cika min ƙirji yau alfahari ne. Ina alfahari da na san mutumin nan, ina alfahari da ƙasarmu ce ta haife shi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, dole in faɗa muku dalili.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Tukur mutumin Gumbin Kure ne ta ƙasar Maiyama, amma Jega ce ta ci moriyarsa. Yana cikin na farko-farkon da suka buɗe kafen intanet a garin nan, tun jiharmu tana ƙarama, tun lokacin da in kana son buga waya sai ka je gindin lemar mai waya ka bi layi. Ɗan shago ne a bayan tasha, da tsofaffin kwamfutoci, da wani ƙaton faranti a saman kwano, da janareta mai yawan tari.

Ni a lokacin sabon malamin makaranta ne, ɗan Aliero da aka turo Jega. Na shiga wajensa don in buɗe imel, na zaci abin nan da nan ne.

Ina! Sai da aka titsiye ni da tambayoyi kamar na zo neman aure. Me nake koyarwa, wane aji, Turancina na gaske ne ko na cin jarrabawa, idona yana ganin ƙananan rubutu ko a'a. Kun san ni da gajen haƙuri. Na ce masa Malam, imel na zo buɗewa, ba ganin likita na zo ba. Ya yi dariya, ya ci gaba da tambayarsa.

Da na koma washegari, ya zaunar da ni, ya buga sunana. Sai ga shafi ya buɗe da sunana ɓaro-ɓaro a sama. A ƙarƙashi ga wuraren darussan kimiyya, ga inda ake samun tsofaffin tambayoyin jarrabawa, can ƙasa kuma ga labarin ƙwallo, don na ce masa ina so amma kada ya hana ni aiki. Shi da kansa ya zauna ya haɗa shafin. Ƙofa yake kiransa.

Duk wanda ya saba zuwa shagon yana da ƙofarsa. Dillalan albasa tasu tana buɗewa da hasashen ruwan sama da labarin hanyar Kudu. Akwai wani tsohon hedimasta da idonsa ya gaji, tasa baƙaƙen manya-manya ne, har daga bakin ƙofa kana iya karantawa. Mata kuma ya ware musu safiya guda a mako, matarsa Malama Asabe ce take zama da su, shi ya fita ya ba su wuri. A nan wata Hajiya mai ɗinki ta riƙa samo samfurin da ya sa matan Jega suka dame ta da layi.

Tambayoyinsa duka a kan guda biyu suke tsayawa, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya ji su da kunnensa:

"Mi kaka biɗa? Mi kuma ba ka son gani?"

Ta biyun ce ta fi damunsa. In mutum ya tashi daga kwamfuta, sai ya share duk sawun da ya bari kafin wani ya zauna. Ban taɓa jin ya ce wane ya duba abu kaza ba, ko da wasa, alhali rabin sirrin garin nan ta gabansa ya wuce.

Da manyan wayoyi suka shigo, kafe ya fara mutuwa. Wasu suka rufe suka koma sayar da caja. Shi bai rufe ba, ya koma saita wa mutane waya, da tambayoyin nan nasa dai. Sai dai kullum cikin ƙorafi yake. Ya ce shi yana tambayar mutum, su kuwa waɗannan ba sa tambaya, leƙe suke yi. Su ga abin da ka taɓa jiya, yau su tula maka irinsa, ko su haɗa ka da wasu can da suke zaton halinku ɗaya su ba ka abin da waɗancan suke so. Abin da ya fi ba shi haushi, waɗanda suka ƙera su sun ɗauka kowace waya mutum ɗaya ne yake riƙe ta, alhali a gidajenmu waya ɗaya tana zagaya hannun kowa kafin rana ta faɗi.

Na ɗauka surutun masu sana'a ne kawai, sai da abin ya faɗo gidanmu.

Babana manomin albasa ne a Aliero, kuma shi ne na'ibin limamin masallacin unguwarmu tun ina yaro. Malam Na'ibi ake ce masa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Mutum ne da ba ya cin abinci a kasuwa, ba ya ƙyaƙyata dariya a titi. Bai tara dukiya ba, sunansa shi ne abin da ya mallaka.

Da idonsa ya fara yana, karatun littafi ya yi masa wuya, sai na kai masa babbar waya don ya riƙa sauraron karatun malamai, ya kuma riƙa ganin ƙanwata Rabi da take aure a Kudu. Na nuna masa inda ake taɓawa, na komo Jega. Wayar kuwa ta shiga gari a cikin gida. Ƙannena su ɗauka, matan yayyena su ɗauka, jikoki su ɗauka. Baba sai in zai fita yake cewa a miƙo masa.

Wata rana bayan la'asar, dattawa suna zaune a majalisarsu ta gefen masallaci, gardama ta tashi a kan wata mas'ala ta rabon gado. Baba ya ce ai akwai malamin da ya warware ta, bari ya kunna musu. Ya fito da waya, ya buɗe wajen bidiyo, ya danna hoton farko da ta miƙo masa, don ba ya ganin rubutun.

Sai kiɗa ya tashi. Mata ne a wajen biki suna tiƙar rawa, murya a ƙure.

Ya danna nan, ya danna can, ta ƙi yin shiru. Wannan ya ƙare, wani ya biyo baya da kansa. Ya cusa ta a aljihun riga, tana ta waƙarta a ciki. Haka ya miƙe ya nufi gida, kiɗa yana bin sa tun daga masallaci har zaure.

Ku yi dariya in kuna so, ni ma da aka fara ba ni labari sai da na cije leɓe. Da a nan abin ya tsaya, da ya wuce. Taubashinsa Alhaji Ɗanjuma ya ja shi da tsiya kwana biyu, shi ke nan. Amma a wajen akwai wani ma'aikaci da ya zo gida hutu, shi ne ya ce ai waya ba ta ƙarya, abin da mai ita ya saba kallo shi take kawo masa.

Wannan magana ita ta yi ɓarnar.

Kafin Juma'a ta zagayo ta isa kasuwar albasa. Masu cewa Allah ya kyauta suna yi, masu ƙus-ƙus suna yi. Sannan labari ya zo wa Baba cewa wani maƙwabcinmu, wanda ba zan kama sunansa ba, ya bi shi magariba, ya koma gida ya sake sallar.

Washegari Baba ya je wajen liman ya ce idonsa ya matsa masa, a nemi wani na'ibin. Ya daina zama majalisa. Salla sai a sahun ƙarshe, da an yi sallama ya zari takalminsa. Sauran yini yana can fadama, a gindin rudun da yake ajiye albasa, shi kaɗai. Wayar kuwa ya ce kada ya sake ganin ta a ɗakinsa.

Inna ce ta kira ni tana kuka, ta ce tsohon nan abinci ma sai ta yi da gaske yake ci.

Raina ya ɓaci iya ɓaci. Na ɗauki babur da niyyar in je Aliero in ci kwalar ma'aikacin nan a gaban kowa. Allah ya sa na biya ta shagon Malam Tukur don in huce. Ranar kasuwar Jega ce, shago cike. Ya saurare ni har na gama kumfar bakina, sannan ya ce ai ma'aikacin nan gaskiya ya faɗa, bai dai ƙarasa ta ba, kuma faɗa ba zai ƙarasa masa ita ba. Ya ba mutanen da suke jira haƙuri, ya ja ƙofa ya rufe, ya hau bayana.

A ranar kasuwa fa. Duk mai shago ya san abin da nake nufi.

Mun isa ana idar da la'asar. Ya gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ƙasa, ko sunan Baba bai ambata ba. Can sai ya ciro wayarsa ya miƙa wa Alhaji Ɗanjuma, ya ce ya ji an ce waya tana tona halin mai ita, don Allah a buɗe tasa a gaya wa jama'a wane irin mutum ne shi.

Alhaji ya buɗe. Waƙoƙin yara ne reras, da wasu agwagi masu rawa suna koya ƙirga. Aka fashe da dariya. Malam Tukur ya ce 'ya'yansa mata ƙanana ne suke karɓa da ya shiga gida. Sannan ya ce duk wanda ya tabbata shi kaɗai yake taɓa wayarsa, ya kawo a duba.

Aka shiga kallon-kallo.

Alhaji Ɗanjuma, Allah ya biya shi, shi ya fara ƙarfin hali ya miƙa tasa. Zanen lalle, kwalliyar amare, da yadda ake haɗa kek. Dattijo mai furfura har ƙirji! Mutane suka riƙa faɗuwa a kan juna. Liman da kansa ya ce a duba tasa, sai ga ƙattin Turawa suna kokawa suna jifan juna da kujeru, aikin jikokinsa. Ya yi dariya har yana share hawaye da rawani.

Ma'aikacin nan yana wajen, ya sunkuyar da kai. Ni so nake a yi masa tatas. Malam Tukur bai ko kalle shi da mugun ido ba, cewa ya yi abin da ya faɗa haka yake, waya tana bin abin da aka saba taɓawa. Sannan ya ƙara da maganar da har yau ake maimaitawa a unguwarmu:

"Sai dai ita ba ta san Malam Na'ibi ba, yatsa ta sani. Kuma ba ta san yatsan wa na ba."

Dariya ta ɗauke. Liman ya ce lallai sun ɗauki alhakin bawan Allah. Kafin magariba suka tashi gaba ɗaya suka je zaurenmu ba da haƙuri. Baba ya karɓe su, ya sa aka kawo ruwa, ya ce ba komai, ya yafe.

Amma bai koma majalisa ba.

Ni a nan na sare. Malam Tukur bai sare ba. Ya riƙa hawa mota da kansa yana zuwa Aliero ba tare da na sani ba, ya wuce fadama ya zauna da Baba a gindin rudu. Bai taɓa ɗauko zancen waya ba. Tambayarsa yake yadda ake gane albasar da za ta jure ajiya, da yadda ake tsame wadda ta fara ruɓa kafin ta shafi sauran. Baba kuwa in ka taɓo masa albasa ka taɓo inda yake so. A haka har ranar da Baba da bakinsa ya tambaya, wai shin abin nan ana iya hana shi rashin kunya?

Malam Tukur ya ce ana iyawa, ya yi masa tambayoyin nan nasa biyu. Baba ya ce duk a ajiye su tukuna.

"Ka hwara koya mani yadda za ni rufe mata baki."

Da wannan suka fara. Ya nuna masa maɓallin gefe, suka yi ta maimaitawa har Baba ya iya kashe ta tana cikin aljihu, ba sai ya duba ba. Sai da ya tabbata ya iya, sannan ya yarda a ci gaba.

Malam Tukur ya raba wayar gida biyu, ɗakin Baba daban, ɗakin mutanen gida daban. Na Baba ba ya buɗewa sai da babban yatsansa. A ciki babu tarkace, hotuna ne kaɗan manya-manya, kuma Baba ne ya zaɓi kowanne: kore na karatu, hoton albasa na saƙonnin manoma da labarin ruwa, sai fuskar Rabi. Malaman da zai saurara shi ya lissafo su da bakinsa. Malam Tukur ya kashe abin nan da yake kawo wani bidiyo da kansa in wani ya ƙare, ya kashe mai cewa ga abin da za ka so. Inna ta ce da aka gama Baba ya juya wayar a hannu, ya tambaya yanzu wa yake zaɓar abin da za ta kawo. Malam Tukur ya ce, "Ku, ranka shi daɗe. In ba ku kira ba, ba mai shigowa."

Bayan wannan Baba ya koma majalisa, wayarsa a aljihu. Mas'alar gadon nan ma sai da ya kunna musu ita.

Daga nan fa dattawa suka yi wa shagon Jega tsinke. Daga Aliero, daga Kimba, daga ƙauyukan Maiyama, kowa ya zo sai ya ce a yi masa irin ta Na'ibi. Shi kuma ya ce ta Na'ibi tasa ce, zauna in tambaye ka. Wani ya yi fushi ya tafi, ya dawo.

Na ga ya saita wa wani mahauci tasa yadda da murya zai riƙa ba ta umarni, don hannunsa kullum cikin maiƙo yake. Na ga ya kwashe yini da wani Bafulatani mai shanu suna neman masu bayanin lafiyar dabbobi da Fulatanci. Da matata ta fara sayar da turare, shi ya gyara mata shafinta, ya kuma ja mata kunne a kan abin da bai kamata ta bari baƙi su gani ba. Ranar sunan ɗana na fari shi ya fara isowa, ya kama shimfiɗa tabarmi kamar ɗan gida.

Abu ɗaya ne ya gagara. Baba bai koma gaban sahu ba.

Liman ya roƙe shi, ya aika masa manya, ni ma na yi magana har ya ce in kiyaye shi. Cewa ya yi ya yafe wa kowa, amma muddin zai yiwu a sami mutum ɗaya a bayansa da ɗigon shakka a zuciya, ba zai ɗauki sallar jama'a a wuyansa ba. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. In liman ba ya nan, wani sa'an ƙanina ne yake wucewa gaba, babana yana sahun baya. Duk ranar da na je gida na ga haka, sai in ji kamar an soka min abu a ƙirji.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Malam Tukur a shagonsa ce, kwanakin baya. Ya rame ƙwarai, ƙafafunsa sun kumbura, ya ɗora su a kan wani kwali. Duk da haka akwai wata tsohuwa zaune a benci yana tambayarta me ba ta son gani. Na hau shi da faɗa, na ce mutum yana wannan hali ba zai je ya kwanta ba, wayoyin Jega ba za su ƙare ba. Ya yi dariyar nan tasa, ya ce in bari ya sallami Hajiya.

Da ta tafi, ya tambaye ni Inna, ya tambaye ni Rabi. Sannan ya ce, "Baba ya wuce gaba kuwa?"

Na ce har yanzu.

Ya kalli titi, ya ce wannan kam ba a cikin waya yake ba, shi ya sa ya gagare shi. Ya dafa bango ya rako ni har bakin ƙofa, ina ce masa ya zauna yana ƙi. Ban sake ganin sa da rai ba.

Yau da na bar makaranta, Aliero na fara nufa don in ɗauko Baba. Na tarar da shi a ƙofar gida ya riga ya shirya, ya ji a saƙonnin manoma. Muka cika motar wani maƙwabci, da liman, da Alhaji Ɗanjuma, da wasu dattawan majalisa. Mutumin nan da ya taɓa sake salla shi ma ya shigo ya zauna a baya.

Ban taɓa ganin Gumbin Kure ta cika haka ba. Mahauta, direbobi, dillalan albasa, malaman makaranta, Fulani da sandunansu. Motoci har bakin gonaki.

Aka fito da shi aka ajiye, aka ja sahu. Limamin garin ya matsa gaba, sai Malam Garba ya je ya yi masa magana a kunne. Liman ya gyaɗa kai, ya juyo ya ce marigayi ya bar wasiyya, in an yarda, Malam Na'ibi na Aliero ne zai sallace shi. Ya ce shi kam ya yarda, ya ja da baya.

Ina tsaye kusa da Baba. Ya kama wuyan hannuna ya matse har na ji zafi. Bai motsa ba. Jama'a suna jira, gawa tana ajiye a rana. A hankali na ji ya ce, "Yaron ga ya ɗaure ni."

Sai Alhaji Ɗanjuma, mutumin da tun da nake ban taɓa jin ya yi wa Baba magana ba tsiya a ciki ba, ya matso ya kira shi da sunansa na yanka.

"Wuce, Mamman. Muna bayanka."

Na waiwaya, sai na ga maƙwabcin nan namu ya ratso mutane ya shigo sahun farko, ya tsaya daidai inda zai kasance a bayan Baba.

Baba ya cire takalminsa. Na riƙe hannunsa na kai shi gaba saboda idon, na dawo cikin sahu. Kabbarar farko muryarsa ta yi rawa, har na ji tsoro. Ta biyu kuwa na sahun ƙarshe ma sun ji ta. Ni dai ban san yadda na ƙarasa sallar ba, hawaye sun hana ni ganin komai.

Mun shigo Aliero ana kiran la'asar, muka wuce masallaci kai tsaye. Aka ta da iƙama. Liman yana nan, lafiyarsa ƙalau, amma bai motsa daga cikin sahu ba, ya dai juya ya kalli Baba.

Baba ya wuce gaba.

Jama'a, la'asar ɗin yau a bayan babana na yi ta.

Ya Allah, bawanka Tukur ya zo gare ka. Ya rufa asirin bayinka, ka rufa masa nasa. Ya wanke wanda aka zarga, ka wanke shi daga kurakuransa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya haske a cikinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Malama Asabe da 'ya'yansa da Malam Garba haƙurin wannan rashi, ka tsaya musu a bayansa.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ina roƙon ku don Allah, wanda ya san shi da wanda bai taɓa jin sunansa ba sai yau, kada ku wuce haka nan. Ku ajiye wayar na ɗan lokaci, ku ɗaga hannu ku yi wa Malam Tukur addu'a, ku sa shi a sujadarku ta yau.

Allah shi jiƙan shi, shi kyautata namu zuwan. Amin.